Ƙwaya a Kunnen Maruƙan Tallabin

Ina cikin yanka naman gishiri na abincin rana na ji shingen tara shanu ya yi tsit. Shekarata arba'in da biyu ina dafa wa masu kiwo abinci a gandun Tallabin, na san idan maza suka yi irin wannan shirun, to ko wani ya karye ko an kama wani. Na ajiye wuƙa na ɗauki butar shayi, don kada a ce gulma ta kai ni.

Likitar dabbobi na tarar riƙe da kunnen wata 'yar karsana. Ta ce wa uwar ɗakinmu, Narelle, "Kawo yatsanki nan." Narelle ta shafa bayan kunnen, sai na ga fuskarta ta koma kamar an yi mata mutuwa.

Wani abu ne a ƙarƙashin fata, kamar guntun alli. Ƙwayar ƙiba. Da allura ake dasa ta a kunnen maraƙi, ta riƙa aiki a hankali tana cika shi da nama kafin lokacinsa. A nan arewacin Queensland ba laifi ba ne, rabin maƙwabtanmu suna yi, su yi wa kunne huda mai kusurwa uku don mai saye ya sani. Amma ban da Tallabin. Namanmu Turai yake zuwa, su kuwa mutanen can ko warin ƙwayar ba sa so. Shekara shida Narelle tana riƙe da takardar izinin sayar musu da nama kamar ranta.

Kafin rana ta take an shafa kunnen maruƙa ɗari uku da aka tara don yaye. Arba'in da ɗaya suna da ƙwaya. Ko ɗaya ba a huda ba.

Ba wanda ya kira suna, amma duk ido ya koma kan Lennie.

Lennie ƙanena ne, shi ne shugaban masu kiwo. Shekara ashirin yana dasa ƙwaya a zamanin mahaifin Narelle. Kuma bakinsa ya ja masa, domin ranar tseren dawaki, bayan giya ta hau masa kai, ya tsaya a tsakiyar mashaya ya ce yarinyar nan wauta take yi, a ba shi wata uku da allura ya nuna mata yadda ake kiwo. Kowa ya ji. Ni kaina na ba mutum huɗu labarin, Allah ya yafe mini.

Da la'asar Saje Kowald na 'yan sandan shanu ya iso. Bai sha wahala ba, a ɗakin sirdin Lennie ya zaro tsohuwar allurar dasawa daga cikin wani buhu.

"Tsatsa ce a jikinta, Saje, duba mana," in ji Lennie.

"Watan jiya ka bar gandu kwana uku. Ina ka je?"

Lennie ya kafa wa ƙasa ido.

"To. Juma'a da hantsi zan dawo. Idan bakinka bai buɗe ba, ka haɗa kayanka, tare za mu tafi."

Narelle ba ta ce komai ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. A gandun nan aka haifi Lennie. Marigayiyar matarsa tana kwance a gindin bishiyar bayan gidansa. Mutum mai shekara sittin da uku, idan aka fitar da shi daga nan da ankwa, ba ya dawowa, ko da kotu ta sake shi.

*

Washegari da sassafe na ɗauki akori-kurar kai cefane na tafi bakin kogi wajen Kawu Clarrie. Kowa Kawu yake ce masa, har da waɗanda suka girme shi. Kakanninsa sun riga kowa zama a ƙasar nan, kuma shekara talatin 'yan sanda suna ɗaukarsa bin sawu kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya taɓa neman aurena, na ce masa ba na auren mutumin da zai duba ƙasa ya san inda na je.

"Dulcie," ya ce, ko kai bai ɗaga ba daga gyaran ƙugiya. "Har yanzu kina ƙona wa mutane gurasa?"

"Har yanzu kana bin bayan shanu don mutane sun ƙi ka? Tashi, za su tafi da Lennie."

Ya dube ni sau ɗaya, ya ɗauki hularsa.

A shingen bai taɓa ko maraƙi ɗaya ba sai da ya yi sa'a guda zaune a kan katako yana kallo. Sannan ya sauko yana ɗingishi, ya kira ni da Narelle.

"Ku dubi nan. Ƙafafun baya biyu sun nutse, na gaba babu. Ga wani. Ga wani. Hawan juna suke yi."

"'Yan wata bakwai?" in ji Narelle.

"Ƙwayar ce ke ɗibarsu. Dubi karsanar can, hantsarta ta fara tasowa kamar wadda ta ɗauki ciki, gindin wutsiya ya ɗaga. Wannan kada ki ajiye ta don haihuwa, za ta iya ba ki kunya." Ya kama kunnen ɗaya ya baje gashin da babban yatsa. "Bakin allura ya warke, har gashi ya rufe shi. Wuyan nan kuma ba a sati huɗu ya cika haka ba. Ba aikin watan jiya ba ne. Wata huɗu. Tsakiyar damina."

Na buɗe baki zan yi guɗa, sai na ga yadda Narelle take kallona.

"A damina ina birni wajen jinyar mamata," ta ce a hankali. "Kogi ya rufe hanya sati bakwai. Mutum biyu kaɗai na bari a gandun nan."

Ni da Lennie ke nan.

Da ta juya na finciko hannun rigar Clarrie. "Kai, tsohon banza! Don ka ɗaura masa igiya a wuya na ƙona man mota?"

"Abin da na gani na faɗa. A kai ni wajen iyayen."

Ya sa aka saki arba'in da ɗayan cikin shanu. Kowane ya je ya sami uwarsa, suka shinshini juna, amma ba wanda ya kai baki ga nono. Clarrie ya durƙusa da ƙyar yana leƙen hantsa ɗaya bayan ɗaya.

"A ƙafe suke. Sun daɗe da ƙafewa." Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. "Uwa ba nono, ɗa ya fi kowa ƙiba. Ƙwaya kaɗai ba ta yin haka, sai da abinci. Wani ya raba su, ya ciyar da su."

*

Na tare Lennie a bayan ɗakin sirdi.

"Kwana ukun nan, mace ce?"

"Haba, Yaya."

"In mace ce ka faɗa, ni zan ji daɗi ma. Matar mai gidan mai ce? Na ga yadda take ba ka canji."

"Ki bar ni, don Allah."

Na miƙa masa kofin shayi, ya kai hannu ya kama iska, sai a karo na biyu ya dace. Na tsaya ina kallonsa. Na tuna tun bara ya daina karanta takardar gwanjo, wai ƙarya ce a ciki.

"Idonka ne," na ce.

Ya zauna a kan buhu. Asibitin ido ya je. Sun ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, yana cikin takalminsa na zuwa coci. Shi ya sa har aka kora maruƙan nan gida bai lura sun fi 'yan'uwansu ba.

"Idan Narelle ta ji, ta gama da ni. Wa zai bar makaho ya ƙirga masa shanu?"

"Sai ka gwammace a ce maka maci amana?"

"Maci amana dai ana jin tsoronsa," ya ce. "Makaho tausayinsa ake ji."

Da ba don ya tsufa ba da na mare shi.

Ina komowa na tarar da motar Mista Graham a ƙofar gida. Maƙwabcinmu ne ta yamma, dattijon coci, shi ke karanta addu'a a duk jana'iza. Na shiga da faranti na kek, na kuma ɗauki lokaci wajen yanka shi.

"Ki yi masa a hankali, 'yata," yake ce wa Narelle. "Lennie ya yi wa gidan nan bauta. Tsufa ne. Su kuwa maruƙan, dole su bar gandun kafin masu takarda su zo. Ina da fili can kudu inda nake turka shanu da ƙwaya, kin sani. Zan kwashe miki su, ko da farashin ba zai yi daɗi ba. Darajar mahaifinki."

Narelle har da hawaye wajen godiya. Ya ci kek yanka uku.

*

Laraba muka nufi gidan Baz Tolhurst, maƙwabcinmu na arewa maso yamma. Idan ka tambayi kowa a gari wa zai iya wannan mugunta in ba Lennie ba, Baz za a ce. Sun yi shari'a da Narelle kan rijiya, shingensa kullum a karye, kuma yana dasa ƙwaya a duk abin da ke da kunne.

Muka same shi a ƙarƙashin tarakta.

"Kawu, ka zo kama ni ne? Ka kuma taho da rediyon gari?"

"Gidanku, Baz," na ce. "Ni na yi maka wankan jariri, ban ga abin fahari ba."

Ya fito yana dariya yana goge hannu. Clarrie ya tambaye shi inda yake a damina, ya ce yana nan yana fama da ruwa kamar kowa. Ya tambaye shi ko ƙwayarsa ta taɓa ɓata, ya ce a ƙirge take.

"Ku tsaya ma. Ni in kama maruƙa arba'in cikin taɓo, in kayar da su ɗaya ɗaya, in zuba musu ƙwayata, don Narelle ta ji haushi? Da mugunta nake so, ɗaya ya isa ya kashe mata takarda. Kawu, ka san aikin nan. Ba mai dasa ƙwaya sai a maraƙin da yake ganin nasa ne."

Ni da Clarrie muka shiga mota. Sai da muka wuce ƙofar shinge ya ce, "Wawan nan ya fi mu hankali."

"Kamar yaya?"

"Kin tuna sana'ar ubansa?"

Na tuna mana. Tsohon Tolhurst gwanin satar maruƙa ne. Yadda ake yi, a damina, lokacin da ba mai iya zagaya gandunsa, sai ka tsinci maruƙan maƙwabci da ba a yi wa lalas ba, ka ɓoye su wani lungu. Ba ka sa musu tambarinka nan take, domin idan ɗaya ya tsere aka gan shi da tambarinka yana tsotson saniyar wani, ka kama kanka. Sai ka jira su manta da iyayensu tukuna.

"Wannan ya jira da lalas," in ji Clarrie. "Ya jira da huda. Amma ya kasa jira da ƙwaya, don ba a ganinta, kuma kowane sati na damina nama ne. Ba ɓarna aka yi wa Narelle ba, Dulcie. Sata ce ta kuɓuce."

"To ai Baz ne! Ɗan ubansa!"

"Ƙila. Juya hagu."

Ya sa na bi shingenmu na yamma a hankali, kansa a waje ta taga. Baƙar ƙasarmu idan ta sha ruwa ta bushe, takan riƙe sawu kamar an gasa tukunya. A wani mashigin rafi ya ce in tsaya. Ni dai ramuka kawai na gani. Shi kuwa ya ce ga maruƙa sun shigo Tallabin ta ƙarƙashin waya, a jere, da sauri, babu babbar saniya ko ɗaya a cikinsu. Muka bar motar muka bi sawun da baya, shi yana ɗingishi ni ina haki da zagi, rana tana cin ƙeyarmu. Duk motsin ciyawa sai na ga kamar mai abin ne ya biyo mu da bindiga.

Sa'a ɗaya da rabi muka kai wani kwazazzabo a inda gandaye uku suka haɗu. A bakinsa ga turaku da waya a kwance, ambaliya ta tumɓuke su. A ciki ga ƙaramin shingen itace, ga rabin ganga biyu, maɗin rake ya bushe a gindinsu.

"Sati biyar suka yi a nan," ya ce, yana ture kashi da sanda. "Ruwa na biyu ya buɗe musu ƙofa, suka koma inda aka haife su."

"Sawun mutumin fa?"

"Takalmin da kowa ke sawa. Doki mai takalmin da kowa ke bugawa." Ya tsuguna. "Amma ba su kaɗai ba ne. An ajiye musu babbar saniya don su kwantar da hankali. Tsohuwa ce, mai sanyin hali. Kofaton baya na dama ya harɗe kamar almakashi. Ita ke fara zuwa ga maɗi, su biyo ta."

Ya shafa bakin gangar, ya nuna mini wasu 'yan lotsattsun wurare a jere.

"Ƙaho?" na ce.

"Ƙaho ba ya sauka nan. Abu ne a wuyanta yake bugun ƙarfe duk sanda ta sunkuya. Ƙararrawa."

A gindin wata bishiya na ga ya kwance wani abu ya cusa a aljihu. Na tambaye shi, ya ce goro ne, alhali ko sanin goro bai yi ba. Sawun saniyar ya nufi yamma ita kaɗai, ya hau kan duwatsu ya ɓace. Daga nan hanya biyu ce, ɗaya gidan Baz, ɗaya gidan Graham.

"Iyakar abin da ƙasa ta sani ke nan," in ji Clarrie. "Saura kwana biyu, kuma Saje ba zai ɗaure rabin ganga ba. Zai ce Lennie ma ya san kwazazzabon nan."

Ni kuwa sai na tuna wani abu. A damina mu matan gandaye mukan haɗu a waya duk ranar Talata, tunda ba mai iya fita. Kuma akwai wadda ta cika mana kunne sati biyar cur da kukan madarar gari, wai saniyarta ta tatsa ta ɓata a ruwa. Ranar da saniyar ta dawo da kanta kuwa, cewa matar ta yi, "Ku ga Maisie, ta yi ɓul-ɓul, bakinta duk danƙo."

"Kawu," na ce, "kai ka san ƙasa. Ni na san mata."

*

Alhamis da hantsi, na tabbatar Graham ya tafi gari neman babbar mota, na je wajen matarsa Glenys da kwalbar jam. Mace ce siririya mai magana ƙasa-ƙasa, shekara talatin ban taɓa jin ta ƙarasa zance a gaban mijinta ba.

Muka sha shayi, muka ci naman matar fasto, sannan na ce saniyarmu ta ƙafe, ko za ta ara mini Maisie kwana biyu. Muka fita wajenta. Ina shafa ta ina satar kallon ƙafar baya ta dama. Kamar almakashi.

Da na ɗago, Glenys tana kallona.

"Ku ba ku da saniyar tatsa tun bara, Dulcie."

Na ɗauke hannuna daga jikin saniyar, ita kuwa ta ci gaba.

"Gaskiya ne za su tafi da Lennie gobe?"

"Gaskiya ne."

Ta daɗe tana murza bakin rigarta. "Shi ya ɗauko ni a bayan doki ranar da naƙudar ɗana Peter ta kama ni, kogi ya cika, Graham yana taron coci." Ta gyara wa saniyar maɗaurin wuya. "Ni zan kawo ta da kaina. Da ƙararrawarta."

*

Juma'a kowa ya hallara a shingen. Saje da littafinsa. Lennie da jakarsa a ƙafa, ya sa farar riga kamar mai zuwa jana'izar kansa. Baz, wanda Clarrie ya aika wa, yana ta ƙunƙuni. Graham da babbar motarsa, ya zo kwasar maruƙa.

Clarrie ya roƙi abu ɗaya: a shafa wa arba'in da ɗayan jan fenti a goshi, a gauraya su da sauran ɗari biyu da hamsin da tara. Sannan ya ba da labarin kwazazzabo tiryan-tiryan, da ganga, da waya, amma bai ambaci saniya ba.

"Na ji, Kawu," in ji Saje. "Wa ya yi?"

"Ni fa kar a kalle ni," in ji Baz.

"Abin takaici," in ji Graham yana girgiza kai. "Lennie ya san wurin nan tun yana yaro. Ban so in faɗa ba."

Lennie ya yunƙura, na danne masa kafaɗa. Idona yana kan hanya. Babu ƙura, babu komai. Na ce a raina matar nan ta tsorata. Saje ya duba agogo, ya rufe littafi, ya ce, "Lennie, ɗauki jakarka."

Sai muka ji shi daga bayan rumbun ciyawa. Ƙwalang. Ƙwalang.

Maruƙan da ake yayewa ba abin da suke yi sai kuka da zagaye, ba ruwansu da kowa. Amma a cikin taron nan sai ga kawuna suna ɗagowa. Ɗaya, biyar, goma. Duk masu jan goshi. Suka fara kutsawa ta cikin 'yan'uwansu, suna ture su, har suka taru jingim a jikin katakon da ke fuskantar sautin, suna miƙa wuya suna lasar baki. Sauran ko kunne ba su kaɗa ba.

Glenys ta ɓullo tana jaye da Maisie. Ashe a bakin titi ta sauke ta daga tirela ta tako da ita a ƙasa.

Saje ya ƙirga da bakin alƙalami. Ya sake ƙirgawa. "Arba'in da ɗaya."

"Maɗi suke jira," in ji Clarrie. "Duba mata ƙafar baya ta dama, Saje, sannan in kai ka ka ga irinta a busasshen taɓo."

Graham ya yi 'yar dariya, amma wuyansa ya yi ja. "Glenys, me ya fito da ke? Saje, kowa ya san saniyar nan ta ɓata a damina. Duk wanda ya tsince ta zai iya amfani da ita. Ai ga Lennie da ke yawo a wajen."

Maganar ta shiga kunnen Saje, na gani.

Clarrie ya sa hannu a aljihu ya fito da goron nasa: guntun igiya, saƙar ja da shuɗi. "Wannan a ɗaure na same ta a bishiya, cikin kwazazzabo."

"Tawa ce," in ji Glenys. "Ni na saƙa ta da zaren ɗaurin ciyawa. A kan ƙusa take kwana, cikin ɗakin tatsa. Ranar da ka ce mini Maisie ta ɓata, Graham, na duba ƙusar babu igiya. Saniya ba ta ɗaukar igiyarta idan za ta ɓata."

"Ki rufe mini baki!"

"Na rufe shekara talatin. Gangar maɗi huɗu kuma da ka ce ruwa ya tafi da su, ruwan a bayan taraktarka ya ɗora su?"

Baz ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Dattijon coci! Ubana dai da ya sata, ba ya dawowa ya saya da araha!"

Graham ya dubi motarsa, ya dubi maruƙan. Saje ya taka a hankali ya zare makullin babbar motar ya sa a aljihu.

"Mista Graham, gaban motata akwai wuri."

*

Da ƙura ta lafa, Narelle ta zo ta tsaya gaban Lennie. Maganar takarda tana hannun masu ita, Saje ya ce zai rubuta abin da ya gani. Maruƙan dai dole a huda su a fitar, karsanan da ta ci burin ajiyewa duk sun tafi. Amma ba wannan ta zo faɗa ba.

"Kawu Lennie," ta ce. Rabon da ta kira shi haka tun tana 'yar makaranta. "Na kasa buɗe baki ranar Litinin. Ka yafe mini."

Ya yi ta juya hularsa. Sannan ya sunkuya ya buɗe jakar, ya zaro takalmin coci, ya zaro tabarau daga cikinsa.

"Kwana ukun nan, wannan na je karɓowa. Ba na gani sosai, Narelle. Da ina gani, da tun a daji na gane maruƙan nan. Idan kin ce in tafi, ba ki yi laifi ba."

"Na sani tun bara," ta ce. "Ka gai da turken shinge sau biyu a gabana. Maida jakar nan gida, akwai huda arba'in da ɗaya tana jiranka, kuma ba na so ka huda mini yatsan wani."

Ya maƙala tabarau a hanci. Ya dubi maruƙan ya daɗe, ya ce, "Kai. Ashe haka suka cika." Ya dubi bishiyar bayan gidansa. Sannan ya juyo gare ni, idanunsa sun yi ƙato-ƙato a bayan gilashi, sun cika da ruwa. Na gyara tsayuwa ina jiran godiya.

"Yaya," ya ce, "yaushe kika tsufa haka?"

Clarrie ne ya riƙe mini butar shayi, shi ya sa ban kwaɗa masa ita ba.